Ba a Wanke Allon da Ba a Iya Ba: Magana Kan Manyan Ɗalibanmu da Suka Kasa Karatu



A zangon farko na shekarar karatun da ta gabata aka damƙa mini aji shida. Mako na biyu da komawa, na ce kowa ya buɗe littafin Hausa mu yi karatu a bayyane, ɗaya bayan ɗaya. Da layi ya matso kusa da wani dogon yaro da ke zaune a bencin ƙarshe, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, zan zaga." Na ba shi izini, bai dawo ba sai da aka kaɗa ƙararrawa. Washegari ciwon kai ya kawo. Rana ta uku ya tsokani na kusa da shi har na kore shi waje, na kuma lura ya fita da sauri kamar wanda aka yi wa alheri.

Da aka tashi na tsayar da shi, daga ni sai shi. Na rubuta kalma ɗaya a takarda, "tukunya", na ce ya karanta mini. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, don Allah kada ka gaya wa 'yan aji." Shekarunsa 13. Littafin rubutunsa tsaf yake, domin duk abin da aka rubuta a allo yana kwafe shi da kyakkyawan hannu, kamar mai zanen hula. Takardun sakamakonsa na shekara biyar duk sun ce ya ci, ya wuce aji na gaba. Da na duba su, sai na ga ɗaya daga cikin hannayen da suka tabbatar da haka nawa ne. Ni na koyar da shi a aji huɗu, cikin cunkoson da yara ke zama har kan taga, kuma na shekara da shi ban gane ba.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da na gwada sauran ajin, kowa shi kaɗai, waɗanda suke cikin halinsa sun fi ƙarfin yatsun hannuwana biyu. Na san duk malamin aji huɗu zuwa shida da ke karanta wannan rubutu, a nan Nassarawa ne ko Giginyu ko Gwagwarwa ko Hotoro ko Dakata, akwai fuskokin da suka faɗo masa a rai yanzu. Mun san su. Abin da ya rage shi ne mu daina yi kamar ba mu sani ba, mu kuma nemi a ba mu lokaci da izinin komawa da su inda karatu ya tsaya musu.

Yadda yaro ke kai wa aji shida bai iya karatu ba

Matsalar ta wuce Kano, ta wuce Najeriya. A shekarar 2019 Bankin Duniya ya fito da wani ma'auni da ya kira talaucin koyo, wato yaro ya kai shekara 10 bai iya karanta gajeren rubutu mai sauƙi ya fahimta ba. A rahoton 2022 an ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yaran ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suna cikin wannan hali, a Afirka kudu da Sahara kuwa kusan tara cikin goma. Amma yawan masu ciwo ba ya rage wa majinyaci zafi, kuma namu majinyatan a gabanmu suke zaune.

Hanyar da ake bi a kai ga haka sananniya ce. A aji ɗaya zuwa uku ake koyon karatu. Daga aji huɗu kuwa manhaja ta ɗauka an riga an iya, sai a shiga amfani da karatun wajen koyon kimiyya da zaman jama'a da sauransu. Yaron da ya yi fashi a aji biyu saboda zazzaɓi, ko talla, ko ƙaura, ko don ajinsa ya yi watanni babu malami, babu wata ƙofa da aka bar masa ya koma ya ɗauko abin da ya wuce shi. Waɗanda suke azuzuwan farko a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu fiye da wata shida, sun koma aka ci gaba da su kamar ba a yi hutun ba. Mai iya karatu kullum yana ƙaruwa, domin kowane shafi ya karanta ya samu sababbin kalmomi. Wanda bai iya ba yana nan inda yake, tazara tana ƙara faɗi kowane zango.

Mu kuma tsarin aiki ya ɗaure mu. Mai duba makarantu idan ya zo, littafin tsara darasi yake tambaya, da rajista, da ko an kai mako na nawa a manhaja. A tsawon shekarun da na yi ina koyarwa, ban cika ganin wanda ya ɗauko yaro daga bencin baya ya ce karanta mini wannan ba. Ƙarshen shekara kuma sai a ciyar da kowa gaba, don 'yan baya suna jiran benci, don kuma malamin da ya rubuta gaskiya a takardar sakamako shi za a fara tuhuma. Da haka muke miƙa yaro daga hannu zuwa hannu har ya faɗa ƙaramar sakandare, inda malamai da yawa ke shiga suna fita, babu mai lokacin sanin sunansa.

Akwai wani abin dubawa game da wannan unguwa tamu. Wanda ya ji an ce Nassarawa GRA zai zaci babu irin wannan a nan. Amma 'ya'yan masu manyan gidajen, galibi makarantun kuɗi suke zuwa. Da yawa daga cikin waɗanda ke gabanmu a makarantar gwamnati 'ya'yan masu gadi ne da direbobi da masu aikin gida, da yaran unguwannin da ke kewaye. Katanga ɗaya ce ta raba yaron da ake karanta wa labari kafin barci da wanda bai taɓa mallakar littafi nasa na kansa ba. Idan mu ba mu koya masa ba, babu mai lasin da za a ɗauko masa.

Abin da tarihinmu ya riga ya koya mana

Wasu abokan aiki sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya wuce aji uku bai iya ba, ya bushe. Karin maganar gaskiya ce wajen jan hankali a fara da wuri, amma tarihin wannan unguwa da kansa ya ƙi yarda da fassarar da ake yi mata. A nan Nassarawa ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a shekarar 1909, kuma gidansa yana nan har yau. Ɗalibansa na farko malamai ne magidanta, kuma da Hausa aka koya musu rubutun boko. A shekarun 1950 Yaƙi da Jahilci ya zaunar da manoma da 'yan kasuwa da masu sana'a a gaban allo. A 1980 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aikinta ya kai ga samun lambar yabo ta UNESCO. Idan mai furfura ya koya, me zai hana ɗan shekara 13? Gemu ma bai hana ilimi ba.

Darasi na biyu yana makarantar allo, kuma ko wanda bai yi ta ba ya san yadda take. A can ba a tambayar shekarun almajiri kafin a san inda za a ajiye shi. Babbaƙu yake fara yi, sannan farfaru, sannan ya shiga haɗa su. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma malam ba ya ba da izinin wanke allo sai yaro ya biya ya iya. Ƙato da ƙaramin yaro suna iya zama a mataki ɗaya, ba wanda ya ɗauke shi abin mamaki. Mu a boko mun juya abin: kalanda ce ke wanke allo, ko an iya ko ba a iya ba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne wannan tsohuwar hikima tamu ita ce masana suka dawo kanta. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta ɓullo da tsarin da ake kira TaRL, ma'ana koyar da yaro daidai matakin da yake. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai cikin 'yan mintuna, a ga ko bai san komai ba tukuna, ko ya san haruffa, ko kalmomi, ko yana karanta sakin layi, ko cikakken labari. Sai a ware wani lokaci kullum a raba yaran bisa waɗannan matakai, a ajiye maganar aji da shekaru gefe. Wanda ya iya matakinsa ya hau na gaba nan take. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, biyu daga cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun daɗe suna gwada wannan tsari a Indiya, suka nuna yana aiki.

A jiharmu ma an taɓa shi. A 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, don yaran aji huɗu zuwa shida, da haɗin gwiwar SUBEB da Ma'aikatar Ilimi da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da British Council da TaRL Africa, da tallafin gwamnatin Birtaniya. Malaman da suka gudanar da shi a azuzuwa 'yan uwanmu ne, malaman firamare na gwamnati. Wato akwai mutane a cikin jihar nan da suka san aikin da hannunsu. Bai kamata ilimin ya tafi tare da masu tallafi ba.

Abin da na gwada a ajina

Da izinin shugaban makarantarmu, na ware minti arba'in kullum. Ga abubuwa huɗu da na koya, ko za su amfani wani.

Na farko, da Hausa za a fara. Rubutun Hausa yana bin ka'ida: wasula biyar, kuma abin da ka furta shi kake rubutawa. Yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu, ya gane yadda baƙi ke hawa kan wasali, ya samu makullin ɗaruruwan kalmomin da ya riga ya san ma'anarsu. Turanci ba haka yake ba. Harafi ɗaya yana iya ɗaukar sauti uku ko huɗu, ga shi kuma yaron bai san ma'anar kalmar ba ko da ya furta ta daidai. Ɗora masa kaya biyu lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe, shi ne abin da ya durƙusar da shi tun farko. Idan ya iya da harshen da yake tunani da shi, dabarar tana bin sa zuwa Turanci. Sai dai a kula da masu lanƙwasa, a nuna masa ƙafa daban kafa daban, ɓari daban bari daban. A kuma koya masa cewa tunda ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutu, jimla ce za ta gaya masa ko "gari" na zama ne ko na tuwo.

Na biyu, a gina kan abin da ya zo da shi. Yaron nan nawa, da na bincika, ashe yana karatun Alƙur'ani da kyau a Islamiyya. Na ce masa, "Kai da ka san wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a, ai ka riga ka san sirrin. Nan ma baƙi ne da wasali, sai dai daga hagu ake farawa." Na ga fuskarsa ta canza. Shekara shida yana zaton kansa ne ba ya ja, alhali ƙwaƙwalwarsa tana yin irin wannan aiki kullum da yamma.

Na uku, kada a ba babban yaro kayan jarirai. Idan ka miƙa wa ɗan shekara 13 littafin aji ɗaya mai hoton 'yar tsana, ka ci mutuncinsa. Shi yana zuwa garejin kanikawa bayan an tashi, don haka kalmominsa na farko su ne taya, mota, birki, fitila. Na yanka kwalaye na rubuta gaɓoɓi, yana haɗawa yana wargazawa. Daga baya yakan ba ni labarin abin da ya faru a gareji, in rubuta da kalmominsa, shi kuma ya karanta maganar bakinsa. Wata yarinya mai taya mahaifiyarta sayar da abinci, da lissafin cefane muka fara. Ran Juma'a nakan karanta musu labari daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, in tsaya a wuri mai daɗi, don su san abin da ke jiransu a bayan ƙofar.

Na huɗu, kuma shi ne mafi girma, a rufa musu asiri. Babban yaro ya gwammace a kira shi fitinanne da a kira shi daƙiƙi, shi ya sa da yawa daga cikin masu tayar da hankalin aji masu gudun karatu ne. Bulala ba ta koyar da harafi. Ban taɓa sa ɗayansu karatu a gaban aji ba sai ya riga ya maimaita shafin sau da yawa ya tabbata zai iya. Ban kira rukuninsu da wani suna da za a yi musu tsiya da shi ba. A kuma tuna cewa wani yaron idonsa ne ba ya ganin allo, wani kunnensa ne, wani kuma yana da lalurar da ke sa haruffa su riƙa rikice masa duk da kaifin basirarsa. Irin wannan yana buƙatar ƙarin lokaci da haƙuri.

Ga masu cewa kayan sun yi yawa

Na san amsar da wasu za su ba ni, don ni ma na faɗe ta. Aji ya cika, albashi ba ya kai wata, ƙarin girma yana jinkiri, sannan a ƙaro mana aiki? Gaskiya ne, kuma ba zan nemi kowa ya yi aikin sa-kai bayan an tashi ba. Abin da nake nema a cikin lokacin aiki yake. Awa ɗaya da muke ɓatawa muna bayanin darasin da rabin aji ba sa iya karanta shi, ita ce za a juya ta koma inda za ta yi amfani. Malaman aji huɗu da biyar da shida su haɗu, kowa ya ɗauki mataki ɗaya, yara su yi musayar ɗaki na wannan awa. Ba a buƙatar sabon gini.

Wasu kuma za su ce a dawo da maimaita aji. Maimaitawa ita kaɗai tuwon jiya ne aka ɗumama: darasin da bai gane ba bara shi za a sake yi masa bana, ga kunyar zama da ƙannensa. Ƙarshenta namiji ya bar makaranta ya bi kasuwa, mace kuma a ce tunda ba ta ja, ta zauna a gida.

Tun 2019 ilimi ya zama kyauta kuma dole a Jihar Kano, a watan Yunin 2024 kuma gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Gyaran azuzuwa da kujeru da ɗaukar malamai duk abubuwa ne da muka daɗe muna nema. Amma uban da ya turo ɗansa makaranta, abin da zai auna mu da shi guda ɗaya ne: bayan shekara shida, yaron zai iya karanta masa takardar asibiti ko saƙon waya?

Abin da nake roƙon reshenmu

Ƙungiyarmu tun kafuwarta a 1931 take kare haƙƙin malami, kuma mutuncin sana'ar yana cikin wannan haƙƙi. Duk lokacin da aka ga ɗan sakandare bai iya rubuta sunansa ba, malamin firamare ake zagi. Saboda haka ina roƙon shugabannin reshe su kai waɗannan buƙatu gaban sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB.

A riƙa gwada karatun kowane yaro na aji huɗu zuwa shida a farkon kowane zango, a kuma rubuta a fili cewa ba za a hukunta malami ko shugaban makaranta saboda sakamakon ba. Matuƙar gaskiya tana jawo takardar tuhuma, ƙarya za a ci gaba da rubutawa.

A sanya awa ɗaya ta karatu bisa mataki a cikin jadawali a hukumance, don mai duba makarantu ya san da ita, kada ya ɗauke ta saɓa wa manhaja.

A horar da mu. Na yi shekara uku a kwalejin ilimi, na karanta tarihin ilimi da falsafarsa da halayyar yara, amma na fito ban san yadda ake zama da babban yaro a koya masa haɗa baƙi ba. A gayyato 'yan uwanmu da suka yi aikin a Wudil da Dawakin Tofa su nuna mana.

A samar da gajerun littattafan Hausa masu sauƙin kalmomi da labaran da suka dace da manyan yara. A cikinmu akwai marubuta. Ga kuma Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad nan kusa da mu, wanda da yawa daga cikin ɗalibanmu ba su taɓa taka ƙofarsa ba.

A nemi ma'aikatan lafiya su riƙa duba idanu da kunnuwan yara ko da sau ɗaya a shekara. A kuma jawo abokan aikinmu na ƙaramar sakandare cikin wannan magana, domin waɗanda suka kuɓuce mana suna hannunsu.

Ku kuma iyalanmu, iyaye mata da maza, kada takardar sakamako ko tsaftar littafi ta ruɗe ku. Yau da dare ku miƙa wa yaronku wani rubutu da bai taɓa gani ba, ku ce ya karanta ya gaya muku abin da ya fahimta. Idan ya kasa, kada a dake shi, kada a kwatanta shi da ƙanensa. Ku zo makaranta mu yi magana. Ko uwar da ba ta yi boko ba tana iya zama minti goma ta saurari ɗanta yana karatu, kuma wannan zaman yana da tasiri. Gidan malami ma bai tsira ba. Sau da yawa mukan dawo a gajiye mu manta da namu.

Yaron nan ya gama aji shida. Ba zan ce ya zama gwani ba. Yana karanta sakin layi na Hausa a hankali, yana bi da yatsa, Turancinsa kuwa da saura. A makon ƙarshe ya zo ya same ni ya ce, "Malam, jiya ni na karanta wa Baba saƙon da aka turo masa." Na yi murna, amma murnar ba ta cika ba, domin akwai wasu a wannan aji da lokaci ya ƙure ban kai gare su ba, kuma yanzu suna can a bencin baya na wata makaranta suna neman izinin zagawa. Da an tsaya a kansu tun aji huɗu, lokacin da suke hannuna, da labarin ya bambanta.

A taron reshe mai zuwa, ina fata kowannenmu zai zo da adadin yaran ajinsa da ba su iya karatu ba, na gaskiya, mu ajiye a kan tebur mu fara daga nan. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da aka ɗora mana, Ya yi wa ɗalibanmu albarka.